Joseph Smith: auren ɓoye da sunan wahayi

Ranar Lahadi 26 ga Mayu, 1844, Joseph Smith ya tsaya gaban taron mabiyansa a garin Nauvoo da ke gaɓar kogin Mississippi a jihar Illinois ta Amurka, yana wanke kansa daga zargi. Ya ce abin mamaki ne a tuhumi mutum da zina da ajiye mata bakwai, alhali shi ko ya duba guda ɗaya kawai yake samu. Gudan da yake nufi ita ce Emma, uwar 'ya'yansa, wadda a lokacin take ɗauke da cikin autansu. Galibin masu sauraronsa ba su san cewa a ranar da yake wannan magana an riga an ɗaura masa aure da mata aƙalla 30 ba. Wannan adadi ba daga bakin maƙiyansa na ɗauko shi ba. Cocin da ya kafa, wanda duniya ta fi sani da sunan Mormon, shi ne ya wallafa a shafinsa na intanet a 2014 cewa ƙiyasin masana ya sa matan tsakanin 30 da 40, cewa 12 zuwa 14 daga cikinsu suna da mazajensu a raye lokacin da aka ɗaura, kuma ƙaramarsu ba ta cika shekara 15 ba.

Na san yadda kunnen Bahaushe yake karɓar irin wannan labari. Mun daɗe muna shan gori a kan auren mace fiye da ɗaya, har ta kai idan aka ce ga wani Ba'amurke da ya tara mata, hukuma ta sa shi a gaba, 'yan gari suka kashe shi, sai zuciya ta karkata gare shi tun ba a gama ba da labarin ba. Mu ce ai namu ne, abin da ake tsangwamarmu a kai shi ma a kai aka tsangwame shi. Ni ban yarda ba. Wanda ya tashi a unguwar da ake da uwargida da amarya, ya ga yadda ake ɗaura aure na biyu da na uku a ƙofar gida da rana tsaka, shi ya fi kowa cancantar gane cewa abin da aka yi a Nauvoo wani abu ne daban. Tuhumata ga Smith ita ce ya ɓoye, ya yi ƙarya don ɓoyon ya ɗore, sannan ya ɗauki sunan Allah ya rataya a wuyan 'yan matan da ke ƙarƙashin kulawarsa har suka rasa bakin cewa a'a.

An haife shi ranar 23 ga Disamba, 1805, a jihar Vermont, a gidan talakawan manoma da daga baya suka koma Palmyra a jihar New York. Ya ce yana ɗan shekara 14 aka yi masa wahayi a cikin kurmi, sannan wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa alluna na zinariya binne a wani tudu. Abin da ya ce ya fassara daga allunan shi aka buga a 1830 da sunan Littafin Mormon, a shekarar kuma ya kafa cocinsa. Ban gaskata da'awarsa ta annabci ba, amma ba ita ce maganata a yau ba. Abin da ba mai musu a kai shi ne mutumin yana da kwarjini. Mutane sun sayar da gonakinsu sun bi shi Ohio, sun bi shi Missouri, sun bi shi Illinois. Kuma sun sha wuya ta gaske. A watan Oktoba na 1838 gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya sa hannu a takardar da ta ce a kore su daga jihar ko a ƙarar da su. Bayan kwana uku aka kashe mutum 17 a ƙauyen Haun's Mill, har da yara. Waɗanda suka tsira su ne suka share fadamar Nauvoo mai sauro suka mai da ita birni mai mutum kusan 12,000. A wannan birni Smith shi ne shugaban addini, shi ne magajin gari, shi ne babban alƙalin kotun gari, shi ne kwamandan rundunar sa-kai, a 1844 ma har ya tsaya takarar shugabancin Amurka. Duk ƙofar da mace za ta kai kuka a Nauvoo, shi za ta tarar a bayanta.

Emma Hale kuwa, gudu ta yi da shi suka yi aure a Janairun 1827, domin mahaifinta ya ƙi ba shi. Ta rubuta masa wani ɓangare na fassararsa da hannunta. Ta binne 'ya'ya tun suna jarirai. A hunturun 1839, yana tsare a kurkukun Liberty, ita ce ta tsallaka kogin Mississippi da ƙafa a kan ƙanƙara, da yara huɗu, da takardunsa ɗaure a ƙarƙashin tufafinta don kada su salwanta. Wannan ita ce matar da aka ɓoye wa.

Abin ya fara ne tun a garin Kirtland na jihar Ohio, a tsakiyar shekarun 1830, da wata yarinya mai aiki a gidansu, Fanny Alger. Cocin yana lissafa wannan a matsayin auren farko da ya ƙara. Oliver Cowdery, wanda ya rubuta mafi yawan Littafin Mormon daga bakin Smith, bai ɗauke shi aure ba. A wata wasiƙa ta 1838 ya kira shi ƙazamin al'amari, bayan 'yan watanni aka kore shi daga cocin. A daidai wannan zamani, littafin dokokin cocin da aka buga a 1835 yana ɗauke da babin da ya ce namiji ɗaya mace ɗaya. Babin nan ya ci gaba da zama a littafin har 1876.

Daga Afrilun 1841, lokacin da aka ɗaura masa da Louisa Beaman, abin ya kankama. An ruwaito cewa a ranar sai da ta sa kwat da hular maza don kada a gane ta. Cikin ƙasa da shekara uku aka ɗaura kusan dukkan sauran. Koyarwar da ke bayan haka ita ce akwai wani ɗaurin aure da ba ya warwarewa da mutuwa, kuma darajar mutum a lahira tana ƙaruwa da girman zuriyar da aka ɗaure masa. Wanda aka haɗa gidansa da gidan mai da'awar annabcin kuwa, ya kama igiya mai ƙarfi. Sai an fahimci wannan za a gane abin da ya sa iyaye suka riƙa miƙa 'ya'yansu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Lucy Walker. Mahaifiyarta ta rasu a farkon 1842 ta bar 'ya'ya goma. Smith ya tura mahaifin aikin wa'azi zuwa gabashin ƙasar, aka rarraba yaran a gidaje, manyan ya ɗauke su zuwa nasa gidan, ya ce zai riƙe su kamar 'ya'yansa. Lucy tana cikinsu. Ita da kanta ta ba da labarin cewa ya kira ta ya ce Allah ya umarce shi ya ƙara aure, kuma ita ce. Ta shiga ƙunci har ta riƙa fatan da ma kabari ya karɓe ta ta huta kusa da mahaifiyarta. Da ya ga ta yi shiru na tsawon lokaci, sai ya sake kiranta ya ce ba shi da daɗin baki da zai yi mata, umarnin Allah ne, ya ba ta zuwa gobe ta yanke shawara, in ta ƙi an rufe mata ƙofa har abada. Ta ce ranta ya ɓaci, ta gaya masa gara ta mutu sai fa in Allah ya nuna mata da kansa. A daren ta ce haske ya cika ɗakinta, hankalinta ya kwanta. Aka ɗaura ranar 1 ga Mayu, 1843, kwana ɗaya bayan ta cika shekara 17, Emma kuwa ta yi tafiya St. Louis. A duba wannan yarinya da kyau. Ba uwa, uba yana nesa bisa umarnin mai neman auren, abincinta da makwancinta a gidansa suke, kuma shi ne take ɗauka bakin Allah a duniya. Wa za ta shawarta?

Haka Emily da Eliza Partridge, 'ya'yan bishop na farko na cocin, waɗanda suka koma gidan Smith bayan rasuwar mahaifinsu a 1840. Ya da ƙanwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. An ɗaura masa da su a Maris na 1843, kowace a ranarta, Emma ba ta sani ba. Bayan wata biyu Emma ta sassauta ta ce ta yarda ya ƙara, da sharaɗin ita za ta zaɓa. Sai ta zaɓi waɗannan biyun. Maimakon a gaya mata gaskiya, aka sake ɗaura auren a gabanta kamar sabo. Emily ce ta faɗi haka daga baya, ta ce an yi ne don gudun fitina a gida. Ba a daɗe ba Emma ta kasa jurewa, 'yan matan suka bar gidan. Akwai kuma Sarah da Maria Lawrence, su ma ya da ƙanwa, waɗanda kotu ta naɗa Smith ya zama mai kula da su da dukiyar gadonsu. Su ma sun shiga lissafin. Akwai Patty Sessions da 'yarta Sylvia, uwa da 'ya.

Helen Mar Kimball ita ce mai shekara 14, shi kuwa yana da 37. Mahaifinta, Heber Kimball, ɗaya daga cikin manyan almajiransa, shi ya kawo maganar, don yana son a haɗa gidansa da na Smith. Helen ta rubuta wa 'ya'yanta a 1881 cewa Smith ya gaya mata in ta ɗauki wannan mataki, ya tabbatar mata da tsirarta a lahira, da ta gidan mahaifinta, da ta danginta duka. Ta ce alkawarin ya yi girman da ta ba da kanta don ta saye shi. Masana suna da saɓani kan ko an tsaya ne a ɗaurin lahira kawai. Na kuma san a wurinmu akwai waɗanda shekara 14 ba za ta girgiza su ba. Ni dai a ganina yarinya ce, kuma a Amurkan wancan zamani ma galibin 'yan mata sai sun kai 20 ko sun haura suke aure. Amma ko an ajiye maganar shekaru a gefe, me ake nufi da ɗora tsirar dangi gaba ɗaya a kan amsar yarinya guda? In ta ce a'a, ta hana uwarta da ubanta aljanna ke nan a tunaninta. Wannan nauyi ko babba aka ɗora wa sai ya durƙusa.

Sai matan mutane. Zina Huntington ta auri Henry Jacobs a Maris na 1841. A watan Oktoba, tana da tsohon ciki, aka aiko mata ta bakin ɗan uwanta cewa mala'ika ya tsaya a kan Smith da takobi zare, in bai kafa wannan aure ba zai rasa matsayinsa da ransa. Ta yarda, aka ɗaura, ta ci gaba da zama a gidan Henry. Bayan mutuwar Smith ta koma gidan Brigham Young, wanda ya gaje shi a shugabancin cocin, Henry kuwa aka tura shi wa'azi Ingila. Marinda Hyde ma tana cikin lissafin, matar Orson Hyde, almajirin da aka aika har Birnin Ƙudus.

Yanzu a ɗora wannan a kan abin da muka sani. Aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta yi iyaka da huɗu, ta shar'anta adalci. Aya ta 23 ta haramta haɗa ya da ƙanwa, ta haramta uwar matarka da 'yar matarka. Aya ta 24 ta haramta matar wani. Bahaushe Kirista ma zai tarar da hanin haɗa 'yan uwa biyu mata, da na haɗa uwa da 'ya, a babi na 18 na Littafin Firistoci. Ba aure sai da waliyyi da shaidu, kuma an umarce mu da bayyana shi. Shari'a ba ta ce sai uwargida ta amince ba, gaskiya ne, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, auren da miji ya yi wa shaidu wasiyya su ɓoye, ko da daga matarsa kaɗai ne, hukuncinsa a warware shi matuƙar bai daɗe ba. Al'adarmu ta ƙara nata. Ana kai kayan faɗar kishiya, a raba goro da alewa, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an ɗaura, amarya ta tare a ɗakinta, a raba kwana. Duk wannan hayaniya tana da aiki. Ita ce take ba mace suna a gari, ta ba ɗanta uba, ta ba ta gado, ta ba ta wurin kai ƙara. Matan Smith ba su samu ko ɗaya ba. Ba su amsa sunansa ba, ba su da ɗaki a matsayin matansa, dokar Illinois ba ta san da su ba. Ranar da ya mutu ba su da ikon yin takaba a fili.

Ɓoyo kuma ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an tokare shi da ƙarya. A Maris na 1842 aka kafa ƙungiyar agaji ta matan cocin, Emma ce shugaba, ta kuma ɗauki yaƙi da jita-jitar lalata da auren ɓoye da muhimmanci. Sakatariyarta, mawaƙiya Eliza Snow, an ɗaura mata aure da Smith a watan Yunin shekarar. Mataimakiyarta, Elizabeth Whitney, ta ba shi 'yarta Sarah Ann mai shekara 17 a watan Yuli, mahaifin yarinyar ne ma ya ɗaura. A watan Oktoba jaridar cocin ta buga sanarwa cewa ba su san da wani tsarin aure ba sai na mace ɗaya, kuma cikin waɗanda suka sa hannu har da Eliza Snow da iyayen Sarah Ann. A watan Agusta, yana ɓuya daga masu neman kama shi, Smith ya rubuta wa gidan Whitney su zo su gan shi, amma su lura da lokacin da Emma take nan, domin in tana nan ba su da aminci, kuma su ƙona wasiƙar da zarar sun karanta. Masu kare shi suna cewa tsoron masu bin sawun Emma ne. Ko haka ne, a shekarar da ta biyo aka shirya wa Sarah Ann auren bogi da wani Joseph Kingsbury don a rufe idon jama'a, kuma Kingsbury da kansa ya rubuta cewa na bogi ne. Mutanen nan ba 'yan iska ba ne, masu ibada ne da suka bar komai saboda imaninsu. Tsarin ne ya mai da su masu sa hannu a kan abin da suka san ba gaskiya ba ne.

Ranar 12 ga Yuli, 1843, ɗan uwansa Hyrum ya roƙe shi ya rubuta wahayin, wai zai kai wa Emma ko ta haƙura. Smith ya faɗa, magatakardansa William Clayton ya rubuta. Shi ne babi na 132 a littafin dokokin cocin har yau. A ciki an ambaci Emma da sunanta, aka ce ta karɓi duk waɗanda aka ba mijinta, in ta ƙi za a hallaka ta. An ce a nemi yardar matar farko, sannan aka ce in ta ƙi, mijin ya kuɓuta daga neman yardar. An kuma yi maganar budurwai waɗanda ba su yi wa wani namiji alkawari ba, alhali ga matan aure fiye da goma a lissafinsa. Hyrum ya dawo ya ce bai taɓa shan faɗa irin na ranar ba. Ina tare da Emma a wannan faɗa.

Masu kare Smith suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Suna cewa da sha'awa ce ta kai shi da bai auri Fanny Young mai shekara 56 ba. Suna cewa binciken ƙwayoyin halitta bai tabbatar da ɗa ko ɗaya daga waɗannan mata ba, don haka da yawa ɗaurin lahira ne kawai. Suna cewa da an bayyana, da maƙwabta sun far musu. Mafi ƙarfi a cikin hujjojin ita ce matan kansu. Lucy da Zina da Helen sun rayu sun tsufa suna kare wannan aure, suna cewa Allah ya nuna musu gaskiyarsa. Zina da Eliza Snow sun shugabanci matan cocin a Utah, inda jama'ar suka koma bayan mutuwar Smith. Ba zan kira su maƙaryata ko wawaye ba, mata ne masu ƙarfin hali da suka ɗauki abin da maza da yawa ba za su iya ba. Zan iya ma ɗauka cewa Smith da kansa ya gaskata abin da yake faɗa. Sai dai duk wannan bai amsa tambayata ba. Mala'ika mai takobi ba wanda ya gan shi sai wanda zai samu matar. Tsoron maƙwabta zai iya bayyana ɓoye wa 'yan Illinois, amma Emma ba maƙwabciya ba ce. Batun lahira kawai kuwa, Emily Partridge da Melissa Lott sun yi rantsuwa a wata shari'a a 1892 cewa zaman aure cikakke suka yi da shi. Yardar da aka samu bayan wa'adin kwana ɗaya da barazanar rufe ƙofar rahama, ko mai ita ta rungume ta daga baya, hanyar da aka bi aka same ta tana nan da muninta. Waɗanda suka ƙi ma ba duka suka kwashe lafiya ba. Nancy Rigdon, 'yar babban mataimakinsa, ta ƙi a 1842, da maganar ta fito aka ɓata mata suna a gari.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. William Law, mataimakin Smith a shugabancin cocin, ya roƙe shi ya bar wannan hanya, bai bari ba. Law da abokansa suka sayi injin buga jarida. Ranar 7 ga Yuni, 1844, Nauvoo Expositor ta fito, fitowarta ta farko kuma ta ƙarshe, ɗauke da rantsuwar waɗanda suka ga wahayin da idonsu. A kan batun aure, abin da ta faɗa gaskiya ne. Bayan kwana uku majalisar gari ƙarƙashin Smith ta ba da umarni aka farfasa injin aka ƙone takardun. Yankin ya ɗauki wuta. Smith ya miƙa kansa ga hukuma a garin Carthage bisa alkawarin kariya daga gwamna Thomas Ford. Ranar 27 ga Yuni wasu gungun mutane da suka shafa baƙi a fuska suka afka wa kurkukun, suka harbe shi da Hyrum. Yana da shekara 38. Wannan kisan gilla ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Mutum yana hannun hukuma yana jiran shari'a, taron jama'a ba su da haƙƙin taɓa shi ko me ya yi, kuma mu da muka san yadda taron fushi yake cin rai a garuruwanmu bai kamata mu yi sassauci a wannan ba. An gurfanar da mutum biyar a 1845, aka sallame su duka. Amma zaluncin da aka yi masa a Carthage bai goge wanda ya yi a Nauvoo ba.

Abin da ya biyo baya a Utah shari'arsa daban ce. Brigham Young ya kai jama'ar kwarin Salt Lake a 1847, a 1852 aka shelanta auren a fili. Shi kansa ya auri mata 55, akwai kuma wahala da kishi da cutarwa da yawa a cikin gidajen, amma aƙalla mace tana da suna da gida, 'ya'yanta suna da uba, galibin mazan kuma mata biyu suka tsaya. A nan ne nake ganin gwamnatin Amurka ta wuce gona da iri. Ta ɗaure maza fiye da 1,000, ta ƙwace dukiyar cocin a 1887, ta karɓe wa matan Utah ƙuri'ar da suke da ita tun 1870, duk da sunan ceto su. A hukuncin Kotun Ƙoli na 1879 a shari'ar George Reynolds, ɗan cocin da aka tuhuma da auren mata biyu, alƙalai sun kafa hujja da cewa wannan aure abin ƙyama ne a wurin mutanen arewaci da yammacin Turai, kuma kafin Mormon kusan ɗabi'ar mutanen Asiya da Afirka ce kawai. Mu ake nufi, kuma raini ne. Cocin ya janye daga wannan aure a 1890, Utah ta zama jiha a 1896. Waɗanda suka ƙi janyewa suka ɓalle suka koma ɓoye, kuma a cikinsu ne aka samu Warren Jeffs, wanda kotun Texas ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2011 saboda cin zarafin yara biyu masu shekara 12 da 15 da ya kira matansa. Babban cocin ba shi da alaƙa da shi, yana ma korar duk wanda ya ƙara aure. Sai dai kayan aikin Jeffs ba sababbi ba ne: wahayin da shi kaɗai yake ji, alkawarin tsira ga dangi, da rufe baki.

Kayan aikin nan ba su da ƙabila. Muna da mai kuɗin da yake ɗaura aure a wani gari da shaidun da aka toshe wa baki, uwargida ba ta sani sai ranar rabon gado. Muna da malamin da yake gaya wa ɗalibarsa an nuna masa ita a mafarki, in ta ƙi ba za ta ga daidai ba. Muna da uban da yake miƙa 'yarsa don neman albarkar wani babba, ba tare da ya tambaye ta ba. Duk wanda yake kare halaccin mace fiye da ɗaya, kamar yadda nake karewa, shi ya kamata ya fi kowa tsananin ƙin waɗannan, domin su ne suke ba masu gori abin faɗa, kuma su ne suke cutar da matan da sharuɗɗan suka zo karewa.

Emma ba ta bi Brigham Young ba. Ta zauna a Nauvoo, ta sake aure a 1847. A 1879, 'yan watanni kafin rasuwarta, ɗanta Joseph ya tambaye ta, ta ce mijinta bai taɓa samun wata mata ba sai ita. Ba gaskiya ba ne, kuma ta sani, tunda a gabanta aka ɗaura wasu. Ban iya zarginta ba. 'Ya'yanta sun shafe shekaru suna kare mahaifinsu da wannan magana, yayin da tsofaffin mata a Utah suke zuwa suna rantsuwa cewa su matansa ne.

Cocin ya yi abin a yaba a 2014 da ya fito da adadin, domin mabiya da yawa sun girma ba su taɓa jin sunan kowa ba sai Emma. Amma ya tsaya a rabin hanya. Maimakon ya ce shekarar Helen 14, cewa ya yi saura 'yan watanni ta cika 15. Musun da shugabanni suka yi kuwa ya kira shi kalamai da aka tsara da hankali. Babi na 132, da barazanar da ke ciki ga Emma, yana nan a littafin da ake karantawa a matsayin maganar Allah. Wannan coci yana Najeriya da Ghana tun 1978, yana da babban haikali a Accra tun 2004, da wani a Aba tun 2005, kuma ba ya yi wa mai mata biyu baftisma ko da a bainar jama'a ya auro su. Haƙƙinsa ne ya kafa dokarsa. Amma mutumin da za a ce ya zaɓa tsakanin shiga cocin da matarsa ta biyu, yana da haƙƙin a gaya masa labarin Lucy Walker da Helen Kimball da 'ya'yan Partridge, a fili, da shekarunsu da abin da aka faɗa musu, tun kafin ya ba da amsa.